Uban Da Mujalla Ta Kashe

Enid ta dawo Grimsby ranar Talata da akwati ɗaya. Ba ta aiko da wasiƙa ba. Ta ƙofar baya ta shigo kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, ta same ni a kicin ina wanke hannu. Ko kwat ba ta cire ba.

"Baba, aure zan yi."

Na ci gaba da wanke hannuna. Shekara talatin da huɗu ina sauke kifi daga jirage, ƙarnin ba ya fita da sauri.

Shekarunta ashirin da wata takwas. A gidana sunanta Enid Stubbings. A jikin bangon silima kuwa, daga nan har Landan, sunanta Rosalind Carew. Fim uku ta yi. A na farko ta kawo wa wani shayi ta fita. A na biyu ta mutu a gadon asibiti, matan layinmu suka yi kuka har da majina. A na uku sunanta ne a saman na kowa.

Uwarta Maud ta saki cokali ta rungume ta, don ta ɗauka Mista Prewett ne. Shi ne mai kamfanin fim ɗin. Shi ya ga Enid a gasar kyau a bakin tekun Cleethorpes tana 'yar sha bakwai, ya kai ta Landan, ya sa aka gyara mata haƙora da tafiya da lafazi, ya canja mata suna. Matarsa ta rasu. Duk Kirsimeti yana aiko wa Maud da turare, ita kuma ta jera kwalaben ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ba shi ba ne. Sunan mutumin Wilf Tranmer. Mai fitila ne a kamfanin, aikinsa ya hau katako can kusa da rufi ya haska fuskokin 'yan wasa. Ya samu aiki a Ostareliya, jirgin ruwansa zai tashi nan da mako biyar. In da aure za a sa ta a takardarsa su tafi tare. In babu, shi kaɗai.

Maud ta sake ta a hankali, ta koma ta zauna.

Ta tuna mata kwantiragin shekara bakwai, wanda ni da kaina na sa wa hannu saboda ƙarancin shekarunta. A ciki an rubuta ba ta da ikon aure sai da yardar kamfani, in ta karya kuwa ba ta ƙara fim a Ingila. Enid ta ce ta sani. Ta ce sun riga sun je wurin Rabaran Oxley da safen nan, ranar Lahadi za a fara sanarwa.

Sai a nan na juyo.

"Wurin Rabaran kuka fara zuwa."

"Na ji tsoro ne, Baba."

Kowa ya san yadda abin yake. Lahadi uku a jere ana karanta sunayen a coci. Yarinyar da ba ta cika ashirin da ɗaya ba, in ubanta ko uwarta ya miƙe a gaban jama'a ya ce ya hana, magana ta mutu, sai ta cika. Saura mata wata huɗu. Kafin nan jirgin Wilf ya daɗe da isa.

"Ba na neman ka yi murna," in ji ta. "Zama kawai nake roƙo. Lahadi uku, ka zauna."

Na ce ta cire kwat, abinci zai huce.

* * *

Washegari Wilf ya zo, ya ƙwanƙwasa ƙofar gaba.

Sau biyu aka taɓa buɗe ƙofar nan. Ranar da aka fitar da gawar uwata, da ranar da aka kawo takardar ɗana Len, wanda teku ta ci lokacin yaƙi. Na leƙa ta taga na ce masa in gawa ya zo ɗauka ya jira, in kuwa mutane ya zo gani ya zagayo ta lungu.

Ya zagayo. Dogo ne, ramamme, hannuwansa duk tabon ƙuna. Ya cire hula ya tsaya a tsakar gida, ni ina bakin ƙofa. Ban ce ya shigo ba.

Na tambaye shi ɗan gidan wa ne. Ya ce ubansa direban jirgin ƙasa ne a Doncaster. Na tambaye shi a garinsu haka ake yi, a fara zuwa wurin Rabaran kafin uban yarinya. Ya ce a'a, kuskure ne, kuma nasa ne, ba zai ɗora mata ba. Na tambaye shi me zai ba ta wanda ya fi abin da take da shi.

Ya juya hular a hannunsa.

"Mista Stubbings, ku abin da ake nunawa a bango kuke gani. Ni daga sama nake kallo, bayan an ce a tsaya. Shekara biyu ke nan. Kafin kowace fita sai ta yi amai a bokitin bayan labule. Wata mata na auna ƙugunta duk Litinin. In ta yi dariya irin ta garinku, sai a ci ta tara ta dawo ta sake wata."

"Sai kai za ka cece ta."

"Ban sani ba ko na isa. Amma a wurina za ta ci abinci."

Na ce masa ina da 'ya'ya biyu. Ɗaya ya hau ruwa bai dawo ba. Yanzu shi ya zo da hula a hannu yana neman ya ɗora ɗayar. Ya buɗe baki, na rufe ƙofa.

Maud tana tsaye a bayana. Ta ce na kyauta. Ban ji na kyauta ba, amma ban faɗa mata ba.

Lahadi ta farko ban je coci ba. Ta biyu ma haka. Maud ta je, ta dawo tana huci, ta ce an karanta, jama'a sun juyo suna kallonta, ita kuma ta yi ta jiran in shigo. Ta ce maganar uba ce, ba ta so a ce matar Horace Stubbings ta riga mijinta baki a gaban mutane. Amma haƙurinta yana da iyaka.

Ranar Litinin na ga ta ɗauki jakarta ta nufi ɗakin wayar bakin titi. Na san wa za ta kira.

* * *

Akwai abin da ban faɗa ba.

Shekara biyu da suka wuce wata mujallar 'yan fim ta buga tarihin Rosalind Carew. Aka ce ubanta kyaftin ne na jirgin yaƙi, ya nitse da jirginsa yana tsaye bai bar wurinsa ba, ita kuma ta tashi marainiya a hannun gwaggonta a kudu. Har da hoton wani mutum mai farar hula da gemu, ban san daga ina suka samo shi ba.

Wani ya kawo mujallar nan tashar jiragen ruwa, inda nake aiki. Tun daga ranar, duk na shiga sai wani ya ƙame ya sara mini.

"Marigayi Kyaftin ya iso, a ba shi hanya."

Wani ya tambaye ni yaya can ƙasan, akwai sanyi? Wani ya ce in gaishe masa da kakansa in na koma. Sau ɗaya na fasa wa Stan Mumby baki, daga nan suka koma yi a bayana. Sunan dai ya zauna. Har mai sayar da giya yakan ce, na marigayi ne wannan kofin.

Ban taɓa yi wa Enid maganar ba. Na ɗauka aikin Prewett ne, yarinya ba ta da yadda za ta yi.

Ranar Alhamis da la'asar motarsa ta shigo layinmu, ta cika shi daga bango zuwa bango. Maud ta buɗe masa ƙofar gaba. Ta kai shi falo, ta zaunar da shi a ƙarƙashin hoton Len, ta fito da kofunan da ba a taɓa sha da su ba. Enid ba ta nan, an aike ta gidan ƙanwar Maud da gangan.

Mutum ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya miƙe da na shigo. Ya ce sabon fim zai fara wata mai zuwa, dominta aka rubuta shi, mutum ɗari biyu na jiran aiki a kansa. Ya ce fuska irin tata sau ɗaya ake samu a shekara ashirin, ba ta wanki da shara a ƙarshen duniya ba ce. Sannan ya ajiye kofi ya ce bai zo a matsayin mai kamfani kaɗai ba. Yana son ta. Yana jira ne ta cika shekaru ya zo ya nemi aurenta a wurina yadda ya kamata, ta ƙofar gaba, ba ta baya ba.

Maud ta share ido da gefen atamfar kicin ɗinta.

Abin da yake nema kaɗan ne, in ji shi. In miƙe ranar Lahadi in faɗi kalma biyu. Ƙaramin coci ne, labarin ba zai kai Landan ba.

Na ce, "Kai ka kashe ni a mujalla. Yanzu kana so in taso daga ƙasan teku in yi maka aikin minti ɗaya, sannan in koma in kwanta."

Bai ji haushi ba. Ya daɗe yana kallona, kamar mai tausayi. Sai ya buɗe jakarsa ya zaro takarda ɗaya ya miƙo mini.

"Ban so ka ga wannan ba, Mista Stubbings. Takardar da kowace yarinya ke cikewa ce ranar da ta shiga kamfani. Mu jirgi da hula kawai muka ƙara."

Aji uku na yi a makaranta. Karatu yana ba ni wuya. Amma na san rubutun 'yata, ni na saya mata allo na farko. Kuma na san kalmar da ke gaban inda aka ce uba. Ita ce a takardar Len: marigayi.

Maud ta ce wani abu, ban ji ba. Prewett ya ce in riƙe takardar. Na ninke ta huɗu na sa a aljihu, na fita ta ƙofar baya na bar su da shayinsu.

* * *

Kwana biyu takardar tana aljihuna. Ranar Asabar da rana na sami Enid a tsakar gida tana shanya, ta ɗaura atamfar uwarta, da abin maƙale tufafi a baki. Na buɗe takardar na ɗora a kan katanga na danne da dutse.

Ta duba. Abin da ke bakinta ya faɗi.

"Rubutunki ne?"

"Baba..."

"Rubutunki ne, ko wani ya kama miki hannu?"

"Nawa ne."

Ta jingina da bango ta fara kuka. Na tsaya na jira. A cikin kukan ta ba ni labari, guntu-guntu. Makarantar kamfanin ce, inda ake koya musu tafiya da littafi a ka. Su goma sha biyu a ɗaki. Wata mata ta raba takardu ta ce kowa ta karanta abin da ta rubuta da ƙarfi, don a ji lafazinta. Wannan ta ce ubanta likita, waccan lauya, wata kanar. Wadda ke kusa da Enid ta tashi ta buɗe taga, ta ce wa ya shigo da kasuwar kifi.

"Kwat ɗin da ka saya mini ne a jikina, mai ruwan toka. Sabo ne, Baba, amma a gidan nan ya kwana. Alƙalami na hannuna, ina so in rubuta mai sauke kifi, hannun ya ƙi. Shekarata sha bakwai. Ban san za su buga ba."

"Da kin bar wurin babu komai."

"Na sani."

"Da kin rubuta ɓarawo ya fi mini. Ɓarawo yana numfashi."

Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse ta kama hannun rigata. Ta ce tun ranar ba ta ƙara barci mai daɗi ba. Ta ce duk wasiƙar da ta fara rubuto mini sai ta yaga. Ta ce a Landan kaf mutum ɗaya ta faɗa wa gaskiya, Wilf, kuma bai yi dariya ba, bai buɗe taga ba.

"Da mun so da mun tsere Sikotilan, can ba a tambayar uba. Na roƙe shi. Ya ƙi. Ya ce ba zai auri marainiyar kyaftin ba, 'yar Horace Stubbings yake so, a garin ubanta, da sunan ubanta, kowa na ji. Shi ya sa muka zo nan muka sa wuyanmu a hannunka."

Na dubi takardar a kan katanga.

"In ka miƙe gobe zai tafi. Ba zai iya barin aikin ba, an riga an kore shi a kamfani saboda ni. Ni kuma Mista Prewett zai mayar da ni. Ba zai dake ni ba, ba zai zage ni ba. Zai sa a auna ƙuguna ranar Litinin, ya kira ni Rosalind har in manta ina da wani suna. Baba, ka hukunta ni da duk abin da ka ga dama. Ka hana ni shiga gidan nan. Amma kada ka miƙe."

Na ce, "Kin iya kuka. Na gani a silima."

Ta ɗago. "Ka je?"

Bakina ne ya riga ni. Sau huɗu na je kallon fim ɗin asibitin nan, a layin baya, in fita kafin a kunna wuta. Ko Maud ba ta sani ba.

Na zare hannun rigata daga nata, na ɗauki takardar, na shiga ciki.

Maud na tsaye a kicin, ta ji komai. Idanunta sun yi ja, amma bakinta bai yi laushi ba. Ta miƙo mini hannuwanta biyu ta ce in duba. Shekara ashirin da shida tana saƙa tarun kamun kifi, yatsun sun karkace ba sa miƙewa. Ta ce ba ta haifi yarinyar nan don ta yi irin hannun nan a wata ƙasa ba. Ta ce soyayya wata shida ce, wanki kuwa har kabari. Ta ce Len ko gawarsa ba ta gani ba, yanzu kuma a ce ta zauna tana kallo a kai mata ɗayar inda wasiƙa ke wata guda a hanya.

"In ba ka miƙe ba, Horace, ni zan miƙe. Dokar ta ce uba ko uwa. Na tambaya."

Na ce mata ba sai ta wahala ba. Zan miƙe.

Da gaske nake a lokacin.

* * *

Cocin bai taɓa cika haka ba sai ranar addu'ar waɗanda teku ta ci. Labari ya zaga. Matan masu saƙa taru sun zo da hulunan fita, mutanen tasha da ba su san hanyar coci ba sun jeru a bango. Na ga Stan Mumby. Ya fara ɗaga hannu zai sara, ya dubi fuskata, ya sauke.

Wilf yana ɗaya gefen shi kaɗai, ya sa kwat baƙi da ya yi masa gajarta. Prewett ya zauna a bencin da ke bayanmu daidai.

Enid ba ta fito tare da mu ba. Sai da aka fara waƙa ta shigo, ta bi ta tsakiya kowa na kallo, ta zauna a gefena na hagu. Maud na dama.

Ba ta sa ko ɗaya daga kayan Landan ba. Kwat ɗin nan mai ruwan toka ta sa. Ban san yana gidan ba. Hannuwansa sun tsaya mata a sama da wuyan hannu, asu ya ci kafaɗa ɗaya, ashe tun zuwanta gida na farko yana rataye a bayan kayan aikina. Daga inda nake zaune ina jin ƙarninsa. Kowa a bencin yana ji.

Ba ta dube ni ba. Ba ta kuka kuma. Ta ɗora hannuwa a cinya ta miƙe wuya.

Rabaran Oxley ya buɗe littafinsa. Ya karanta na wasu mutum biyu, ba wanda ya saurara. Sannan ya gyara murya ya ce yana sanar da aure tsakanin Wilfred Tranmer, saurayi, da Enid Stubbings, budurwa, 'yar wannan unguwa. In akwai wanda ya san dalilin da zai hana a haɗa su, ya faɗa yanzu. Wannan ne karo na uku.

Ya cire tabarau ya fara gogewa. Haka yake yi kullum, gwargwadon gugar gwargwadon jiran.

Na dafa bencin gaba. Gwiwoyina sun riga sun karɓi nauyi. Kalmomin suna bakina, na kwana biyu ina jera su. Zan ce ni ne ubanta, da raina, na hana. Kowa ya ji, har mai farar hula da gemu.

Sai Prewett ya yi tari a bayana. Sau biyu, gajere, irin wanda ake yi wa ɗan dako in ya tsaya kallo.

Na dubi hannun kwat ɗin nan. Maɓallin ƙarshe ba irin sauran ba ne. Ni na ɗinka shi da zaren taru a tashar jirgin ƙasa ranar da za ta tafi, don ya tsinke a hanya.

Na saki bencin.

Prewett ya sake tari. Maud ta juyo ta dube ni, ta gane. Ta kama jakarta ta fara tashi. Na riƙe mata wuyan hannu. Hannuna ya saba da igiya da ƙanƙara, ban san na matse haka ba sai daga baya da na ga shaida.

"Sake ni," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Zauna, Maud. In mamaci ya iya yin shiru, ke ma kin iya."

Ta ja, na riƙe. Bakinta a buɗe yake, babu abin da ya hana ta ta yi magana daga zaune. Shekara talatin muna tare ba ta taɓa ɗaga murya a kaina a gaban mutane ba. Na ga tana auna abin. Sai ta rufe bakin.

Rabaran ya mayar da tabarau, ya rufe littafi, ya ce a buɗe waƙa ta gaba.

Can gefe na ji Wilf ya saki numfashi kamar wanda aka ciro daga ruwa. Enid ba ta motsa ba, sai hawaye ke sauka kan kwat ɗin.

* * *

A bakin coci Maud ta tsaya tana murza hannu.

"Biyu na haifa, Horace. Duka ka ba ruwa."

Ta wuce gida ita kaɗai. Ban bi ta ba.

Prewett ya fito yana sa safar hannu. Bai dube ni ba. Ya tsaya gaban Enid ya ce mata har yanzu ƙofa a buɗe take, motarsa na nan sai ƙarfe uku, in ta wuce uku kuwa Rosalind ta gama, kuma shi da kansa zai tabbatar babu kamfanin da zai ɗauke ta ko mai kawo shayi. Ta ce masa ya gaishe mata da Rosalind in ya same ta. Da lafazin layinmu ta faɗa, wanda ya shekara uku yana kankarewa.

Wilf ya zo ya miƙo mini hannu. Na dubi hannun har ya mayar.

Sai Enid ta sha gabana. Jama'a ba su watse ba, sun yi kamar suna gaisawa.

"Baba, ranar Asabar ne. Rabaran zai tambaya wa ya ba da wannan mace. Dole wani ya amsa."

"Ki tambayi kyaftin ɗinki."

Ta yi baya kamar na mare ta. Na sa hula na kama hanyar tasha. Ba aiki ranar Lahadi, amma ban san wata hanyar ba.

Na ji ta kira ni a hankali. Na ci gaba.

Ta sake kira. Na ci gaba. Na wuce motar Prewett, na wuce shagon mai gyaran takalmi.

Sannan ta buɗe murya, irin wadda take yi tana 'yar shekara shida in ta hango ni daga ƙarshen layi da kwando a kafaɗa. Duk titin ya ɗauka.

"Horace Stubbings, mai sauke kifi, ni 'yarka ce, da kai nake! Baba!"

Babu wanda ya yi dariya. Ko Stan Mumby.

Takardar nan tana aljihuna, ninki huɗu, hannuna na kanta. Ina jin takun takalminta tana tahowa da gudu a kan duwatsun titi.

Ban juyo ba. Amma na tsaya.